Abin da Mai Taliya Take So

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, ranar uku ga azumi, Malam Sabo ya ɗaga takardata ya karanta wa aji. Na riƙe lokacin ne don idona yana kan agogon bango tun da ya fara bin takardun ɗaya bayan ɗaya, ina fatan lokacin tashi ya yi kafin ya iso kan tawa. Bai yi ba.

"Labari ne na wata mata mai haƙuri da ke zaune a cikin birni, wadda rayuwa ta koya mata darussa masu yawa." Ya ajiye takardar, ya cire tabarau. "Wannan ta wa ce?"

Na ɗaga hannu iya kafaɗa.

"Malama Hauwa. Matar nan me take so?"

"Haƙuri gare ta, Malam."

"Na ji. Allah ya ƙara mata. Me take so?"

Aji ya yi dariya, irin dariyar masu azumi, marar ƙarfi. Shekara biyu ina rubuta labarin matar nan, na san yadda take ɗaura ɗankwali, na san ƙafar da take fara sa wa takalmi, amma ban taɓa tambayar kaina abin da take so ba.

Abin da ya dawo min da wannan safiya shi ne markar da ake yi yau kwana uku. Ina zaune a ɗakin da nake haya kusa da makarantar da na koma ƙarin karatu, wankina ya ƙi bushewa, na ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusar ƙofa na shanya shi a ciki. Ɗazu na tashi zan ɗauko littafi, na sunkuya don in wuce ƙarƙashin igiyar, sai jikina ya tuna wannan sunkuyon kafin zuciyata ta tuna. Shekara goma sha biyar da ɗoriya ke nan, lokacin da azumi ya faɗo a tsakiyar damina.

A shekarar ina ɗaliba a kwalejin horon malamai, muna hutu. Malam Sabo ya daɗe yana shirya finafinai tun zamanin kaset, ya buɗe ajin koyar da rubutun fim a wani ɗaki saman shago kusa da Ƙofar Nassarawa. Mu goma sha ɗaya ne, mata biyu: ni da Zulai, wadda take taya yayanta aiki a shagon ɗinki, mai murya kamar ta mai talla. Ni na zo da littattafan rubutu guda shida, cike, na yi musu bango da takardar kalanda, na ja wa kowane shafi layi a gefe, na sa masa lamba. Tun ranar farko na ajiye su a gaban Malam. Ya tura min su da bayan biro.

"Ba na buɗe littafin kowa sai layinsa ya tsaya," in ji shi. "Masu sana'ar suna ce masa logilayin. Labarinka gaba ɗaya a jimla guda. Furodusa a tsaye yake sauraron ka, ƙafarsa ɗaya a kan mashin. In ba ka gama faɗa masa kafin ya tayar ba, ya tafi ke nan."

Ya rubuta tambayoyi huɗu a allo, ba a goge su ba har watan ya ƙare. Wane ne? Me yake so? Me ya tare shi? Me zai rasa, kuma yaushe? Ya ce ranar ashirin da bakwai ga wata zai zaɓi layi uku, masu su kaɗai zai karɓi littattafansu ya karanta, ya zauna da su bayan Sallah. Ba wanda ya taɓa karanta ko shafi ɗaya na abin da na rubuta. Abin da ya kai ni ajin ke nan.

Gidanmu a Dala yake, gidan ƙasa, soro uku da zaure da rumfa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka Baba yakan hau rufin da kansa ya yi yaɓe, ya gyara bakin indararo. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, ba wanda ya hau. Ƙannena biyu an tura su ƙauye wurin kawunmu su yi hutun, kowa ya san don a rage baki ne, ba wanda ya faɗa. Muka rage mu uku: ni, da Inna, da Gwaggo Ladi, yayar Baba, wadda ta dawo gidan bayan mijinta ya rasu.

Inna Bafulatana ce, ni kuma 'yar fari. Ana yaye ni aka kai ni Gwammaja wurin kakata, ban dawo ba sai da ta rasu, ina shekara goma sha biyar. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta duban fuskata in za ta yi magana, maganar ma ba ni take yi wa ba. Ina zaune kamu biyu daga inda take, sai ta ce, "Yaya, a ce wa waccan ta sauke tukunya."

Gwaggo ta juyo ta ce, "Kulu, an ce ki sauke tukunya. Ni dai na zama wayar tarho a gidan ƙanena. Ko kwabo ba a biya na."

Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa a unguwar ya sani, ni ma na sani. Amma sanin bai taɓa taya ni hira ba.

Sana'ar Inna taliya ce, 'yar murji. Bayan sallar asuba ba ma komawa barci. Ita za ta kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri har kwaɓin ya daina kama hannu, ta ɗaure injin a bakin benci. Ni ke juya hannun injin, ita tana ba shi kwaɓi ta sama tana tarbar silin a kan damtsenta, Gwaggo tana karɓa tana ratayewa a igiya. Haka muke yi har rana ta ɗaga, ba mai cewa komai sai Gwaggo, ita ma yawanci da kaji take faɗa. In da rana, kafin la'asar ta bushe ƙarau, a karya a zuba a kwando, matan unguwa su aiko. A azumi ne ake sayen ta sosai, musamman goman ƙarshe, don abincin Sallah.

A wannan shekarar rana ta yi wuya. Sai a tashi da yayyafi, a wuni da shi, a kwana da shi. Muka kwashe igiyoyin daga tsakar gida muka ɗaura a zaure da rumfa da cikin soraye, har ya zama duk inda za ka sai ka sunkuya. Taliyar da take bushewa a wuni guda ta koma kwana biyu, wani lokacin ta yi tsami, wani lokacin ka ga fumfuna ta feso mata kamar toka. Muka gwada kunna gawayi a ƙarƙashinta, ta bushe amma ta ɗauki ƙaurin hayaƙi, aka dawo mana da ita. Bango ya jiƙe har in ka jingina sai ya bar maka shaida a riga. Ashana ta ƙi kamawa, sai Inna ta riƙa ɓoye ta a cikin ɗankwalinta. Rufin ya fara yoyo wuri uku, sannan biyar, muka jera langa da kwano da tsohon bokiti, kowanne da irin ƙararsa.

Azumin damina ba ƙishirwa gare shi ba, yunwa gare shi. Sanyi yana shiga ciki tun hantsi, ka ji hanjinka kamar wanki da aka matse. Sabon gero bai shigo ba, tsoho ya yi wuya. Kokon shan ruwa kullum ƙara tsinkewa yake, har Gwaggo ta ce tana iya ganin fuskarta a ciki. Sahur ɗumamen tuwo ne, in ya kwana lafiya. Inna ita ke ci a ƙarshe, a bayan rumfa, kuma kullum sai ta ce ta ƙoshi.

Daga murzar taliya nake wanke hannu in kama hanyar aji a ƙafa, littattafaina a cikin leda a ƙarƙashin hijabi. Kwatoci sun cika sun haɗe da lungu, sai ka bi ta kan duwatsun da mutane suka jera. Ina tafe ina juya jimlar a baki.

Ranar takwas ga wata na kai ta biyu. Na ga ai laifin ta farko rashin bayani ne, don haka na zuba komai: haihuwar matar, aurenta, rasuwar mijin, sana'arta, maƙwabtanta. Shafi ɗaya da rabi, da waƙafi a duk inda ya kamata, aya guda a ƙarshe. Malam ya ja numfashi ya fara karantawa bai tsaya ba, har muryarsa ta ƙare a tsakiyar shafi.

"Malama Hauwa, azumi nake. Wannan wasiƙa ce."

A ranar layin Zulai ya tsaya. Har yanzu ina iya kawo shi: tela ya karɓi ɗinkin Sallah na unguwa guda, saura kwana uku kekensa ya karye, kuma mutum ɗaya da ya iya gyaran irinsa shi ne tsohon ubangidansa da suka shekara bakwai ba sa gaisawa.

"Kun ji?" in ji Malam. "Ban san sunan telan ba, ban san garinsu ba, amma ina so in ga yadda zai tsaya a ƙofar shagon nan. Ki cire 'kuma', tana jan ƙafa. Sauran ya yi."

Da muka sauko Zulai ta riƙo gefen hijabina. "Ustaziya, ke fa kina wahalar da kanki. Matar nan taki ba ta da abin so? To ki ba ta mana. Ke kika haife ta."

"Ba haka take ba."

"Ba haka take ba. Ji ta. Ki sa mata wan miji mai son sayar da gidan. Gado, rigima, kotu. Wallahi har kuka za a yi."

Kwana shida ina ƙin shawarar, ran na bakwai na bi ta. Na zauna a zaure ƙarƙashin taliya na tsara jimlar, na ƙirga kalmominta, na goge, na sake. Ranar sha biyar Malam ya karanta: wata bazawara a Dala tana so ta hana wan mijinta sayar da gidan da ta raini 'ya'yanta a ciki, kafin a raba gado bayan Sallah. Aji ya yi ta gyaɗa kai. Zulai ta zungure ni da gwiwar hannu.

Malam ya dubi ledar da ke kan cinyata. "A littafi na nawa wan mijin ya shigo?"

Na ƙara riƙe ledar.

"Na ɗaya? Na huɗu?"

"Babu shi, Malam."

"To layi ya tsaya, amma na labarin wani ne. In furodusa ya ji wannan ya zo karɓar kaya, me zan miƙa masa?" Bai faɗa da faɗa ba. Ya ninke takardar biyu ya ba ni. "Matar nan, kin san ta a zahiri?"

"Mahaifiyata ce."

"Alhamdulillahi, aiki ya zo da sauƙi. Tana raye? Je ki tambaye ta."

"Ni ce 'yar fari, Malam. Bafulatana ce."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Wani a baya ya ce, "Tabɗi," a hankali. Malam ya daɗe yana goge tabarau da bakin rigarsa.

"To ki zuba ido," in ji shi. "Mutum in ba ya faɗa, yana aikatawa. Ki bar abin da take yi don dole. Ki nemo abu ɗaya da ta yi wanda ba wanda ya sa ta."

Daga ranar na daina ɗaukar littattafan zuwa aji. Kunyar ledar nake ji. Na mayar da su cikin kwalinsu a kusurwar soron da nake kwana, na ɗauki 'yar takarda na fara rubuta duk abin da Inna ta yi, da lokacinsa. Ta tashi. Ta hura wuta. Ta kwaɓa. Ta zubar da ruwan langa. Ta yi sallah. Ta tsince taliyar da ta yi fumfuna ta ba kaji. Kwana biyar na cika takarda huɗu, ban sami ko abu ɗaya da ba dole ba. Ko Gwaggo ce za ta kasuwa ta tambaye ta me za a sayo, amsarta ɗaya ce: duk abin da ya samu. Na fara tunanin ko Malam ne bai san irin matan nan ba. Wataƙila akwai mutanen da aka yi su ba su da abin so, kuma ba a yin fim da su.

A kwanakin nan ban da Zulai ba mai yi min magana a aji, ita ma layinta ya wuce, hankalinta ya koma kan telanta. In na dawo gida, magana ta bi ta kaina ta wuce wurin Gwaggo ta dawo. Wata rana na lura tun sahur har aka sha ruwa ban furta komai ba sai karatun sallah.

Ranar ashirin da ɗaya aka wayi gari da rana, ta farko a mako guda. Sama tas, har ƙadangaru sun fito kan katanga. Inna ta buɗe rabin buhun da take tattali don taliyar Sallah, wadda mata suka riga suka yi maganarta, ta ce a murje duka. Muka yi ta yi har kafaɗata ta mutu. Muka fitar da igiyoyi, tsakar gida ta cika fal, fari ƙal, ba ka ganin ƙofar zaure. Gwaggo ta yafa mayafi ta tafi gaisuwar rasuwa a Gwammaja, ni na tafi aji a makare.

Ana kiran azahar gabas ta haɗe. Kafin mu sauko daga benen iska ta taso, sai ruwa kamar ana juye randa. Na laɓe a rumfar wani mai shago fiye da awa biyu ina kallon titi yana zama kogi. Ban isa gida ba sai bayan la'asar, ruwa har gwiwa a wasu lungunan, takalmina a hannu.

Taliyar tana nan inda muka bar ta. Wadda ke kan igiya ta narke ta zama kamar tsumma, sauran ta zube ta haɗe da caɓi. Ko sili ɗaya ba a kwashe ba. Ban tsaya ba, don na hango ƙofar sorona a buɗe, da haske a ciki inda bai kamata a ga haske ba. Kusurwar rufin ta rufto. Azara biyu sun sauko, ƙasa ta tsibe daidai inda kwalina yake.

Na durƙusa na fara tono da hannu. Na kai ga kwalin, ya jiƙe ya lotse, na yage shi. Babu komai a ciki. Na ci gaba da tono a gefensa.

A lokacin Gwaggo ta shigo, na ji salatinta tun daga zaure, tana kiran Inna. "Dije, me zan gani? Rabin buhu? Kina cikin gidan?"

Inna tana rumfa tana matse zaninta. Ta ce, "Yaya, a ce wa waccan ta bar tonon ƙasa, sauran rufin bai gama zubowa ba. Takardun suna cikin kwalla."

Kwallar ita ce babba a jeren kayan aurenta, mai zanen furanni ja, wadda tun da na dawo gidan ban taɓa ganin an sauke ta ba. Tana kan gadonta, a rufe. Na ɗaga murfin da hannuna mai taɓo. Littattafan shida suna ciki, an naɗe su a leda, an sake naɗewa da mayafinta na zuwa unguwa. Ko ɗigo bai taɓa su ba. Inna ba ta yi boko ba, ba ta san abin da ke cikinsu ba.

A waje Gwaggo tana ci gaba. "Kika bar abincin Sallah a ruwa kika tafi ceton takarda?"

"Na ji rufin yana ƙara," in ji Inna. "Hannu biyu gare ni."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Matan da suka yi maganar taliya suka nufi wani gidan. Goman ƙarshen nan da kwaɗon rama muka yi shi, da koko ba sukari. Injin aka kwance aka shafa masa mai aka rataye. Ni na koma kwana a ɗakin Gwaggo, a ƙasa, kusa da bokitin da ke tarbar yoyo. Yunwar ta kai in na miƙe tsaye da sauri sai na dafa bango. Amma na sami abin da Malam ya ce in nema, na kuma zauna na rubuta.

Ranar ashirin da huɗu na kai masa, da gurbi a tsakiya: wata mai taliya a Dala, wadda kunyar 'yar fari ta hana ta yi wa 'yarta magana, ta bar abincin Sallarta ya narke a ruwa ta ceci littattafan da ba ta iya karantawa, don tana so, sai na ja dogon layi, na bar wurin fili.

Bai karanta wa aji ba. Ya kira ni gaban teburinsa. "Yanzu na ga mutum. Na ga abin da ya tare ta. Amma kin gano tana da abin so ne kawai, ba ki gano ko mene ne ba."

"Ina jin so take 'yar ta yi karatu ta zama wani abu."

"Kina ji. Kowace uwa a Kano haka take so, ba a yin fim da abin da kowa yake so. Kada ki cike min gurbin nan da zato, gara ki bar shi fili." Ya miƙo min takardar. "Saura kwana uku. Kuma ki sani tun yanzu, littafin da ya shiga jakata ba ya dawowa. Daga hannuna sai hannun wani, sai na wani. In akwai abin da za ki kwafa, ki kwafa."

Da yamma na ba Gwaggo labarin a rumfa, har da maganar rashin dawowar littattafan. Inna tana gefe tana hura wuta da jiƙaƙƙen icce, hayaƙi ya rufe ta.

Yanzu gidan na Dala bulo ne da rufin kwano, ƙanena ya rushe sorayen ya sake gini. Taliya ta leda ake saya a kanti, ba ruwanta da rana. Zulai tana aiko min da layukan ɗalibanta ta waya in duba mata, kuma har yau mafi yawansu a tambaya ta biyu suke faɗuwa. Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, Inna ta bi ta shekara huɗu da suka wuce, ba ta kira sunana ba har ta koma. Kwallar tana nan a ɗakin nan, shinkafa nake zubawa a ciki.

Ranar ashirin da bakwai Malam ya karanta layina sau biyu, a zuci, sannan ya miƙo hannu in ba shi littattafan. Na ce ya ƙara min mako guda. Bai tambaye ni dalili ba, dalilin yana cikin layin. Bayan Sallah na kai masa su. Ba su dawo ba, fim ɗin kuma ba a taɓa yin sa ba. Ba na jin ciwon wannan sosai. Abin da marka take dawo min da shi yammacin ranar ashirin da shida ne.

Bayan la'asar ne, ana yayyafi. Muna rumfa mu uku. Gwaggo ta kishingiɗa a tabarma da carbi a hannu, barci ya ɗauke ta, bakinta a buɗe. Ni da Inna muna tsinke rama a faranti ɗaya, ta ba ni rabin baya kamar kullum. Takardar tana cikin aljihuna da gurbinta. Tun safe nake shirya maganar, na gyara ta ya fi sau ashirin, kamar yadda nake gyara layi.

Na dubi Gwaggo na ce, "Gwaggo."

Ta ja minshari.

"Gwaggo, a tambaya min Inna." Na ajiye reshen ramar da ke hannuna. "Matar da ke cikin littattafan nan mai taliya ce. Malam ya ce sai na faɗi abin da take so, in ba haka ba ba zai karanta ba. Gobe ne ƙarshe. Ni kuma ban sani ba."

Hannun Inna ya tsaya a cikin farantin. Ba ta juyo ba. Ruwa yana ɗiga a langar da ke bakin rumfa, na ƙirga har arba'in da ɗaya. Na yanke cewa ba za ta amsa ba, na kai hannu zan ci gaba da tsinka.

Ta ɗaga kai ta dubi Gwaggo. Ta ga barci take, ta gani sarai. Duk da haka ita ta yi wa maganar.

"Yaya, a ce mata shekara biyu ina ganin ana rubutu a gidan nan. Na ji an ce in an kai wa malamin ba sa dawowa." Ta ɗauki reshen rama ta juya shi a hannu. "A ce mata mai taliyar so take a karanta mata tukuna. Daga farko. Kuma ba sai an bi ta bakin kowa ba."